Naman Kawu a Hannun Rana

Stony Bend, Yukon
Farkon Mayu

Zuwa ga Yaya Verna,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikin asibitinki da ba ya ƙarewa. Mama na gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko a birninku an daina sayar da takarda da biro ne. Na rubuto maimakon in kira domin kin san wayar kantin garin nan, kafin mutum ya ajiye ta labarinsa ya riga shi isa gida.

Ki zauna kafin ki ci gaba. Na cire firizarmu ta sito daga wutar gari, na ɗora ta a kan rana.

Kin tuna matar nan ta kudu da ta zo bara ta kakkafa 'yan na'urorin auna hasken rana a bakin kogi da bayan makaranta da tudun gidanmu? Ta dawo. Ta tara mu a zauren gari ta ce daga Afrilu zuwa Agusta, ranar da ke sauka a Stony Bend ta fi ta wasu manyan biranen kudu. Yaya, kin ji fa. Mu da muka tashi muna kukan duhu! Baffa Angus ya cire hula ya ce, "'Yar nan, anya na'urarki ba ta sha wani abu ba? Garin nan ne fa ake kunna fitila da tsakar rana a Disamba." Ta ce gaskiya ne, a Disamba ba mu da komai, amma ya gaya mata yaushe rana ke faɗuwa a Yuni. Baffa ya mayar da hularsa ya zauna, don ya san ba faɗuwa take ba, sunkuyawa kawai take yi a bayan dutse ta sake miƙewa.

Majalisar gari ta samo farantan sola na gwaji da batura. Aka ce wa zai fara, kowa ya kalli takalminsa, ni na ɗaga hannu. In abin ya yi kyau za a sa wa makaranta baɗi.

Na san abin da za ki ce, naman mus ɗin nan, ƙaton gwankin dajinmu da marigayi Kawu Percy ya harbo, na cikin firizar. Ai shi ya sa na yi. Janaretan garin nan ya tsufa, kuma kin ga yadda ya mutu mana a tsakiyar bazarar bara, mutane suka kwashe kifin da suka sha wuya a kansa suka zuba wa karnuka. Ba zan zauna in jira ya yi mana haka da naman Kawu ba.

Mama dai ba ta yarda da farantan ba. Ta fito ta zagaya su, ta ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa, ta ce, "Waɗannan wane irin tagogi ne, ba ka ganin kowa ta cikinsu?" Tun ran nan sunansu tagogin Clifford.

Ki gaida abokan aiki. Ki turo wa Mama ganyen shayin nan nata.

Ƙaninki,
Clifford

Whitehorse
Tsakiyar Mayu

Clifford,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka gaida Mama da kyau, ka ce shayinta na cikin wannan jakar wasiƙun.

Na zauna kamar yadda ka ce, amma zaman bai yi mini maganin komai ba. Kana da hankali kuwa? Rana ka ba ajiyar naman Kawu? Ranar da ke tattara kayanta ta bar mu wata biyu ba sallama?

Bari in tuna maka, tunda da alama ta taɓa maka kai. Mutumin nan shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, shi ya koya maka riƙe bindiga. Mus ɗin nan shi ne na ƙarshe da ya harba, yana tari, yana jingina da bishiya, kuma kai ka taya shi ɗauko cinyoyin zuwa kwale-kwale. Da ya rasu a Nuwamba ƙasa ta daskare kamar ƙarfe. Mu 'yan Hankaka ba ma haƙa wa namu kabari, dangin Kyarkeci ke yi mana. Baffa Angus da mutanensa suka hura wuta a kan ƙasar, su haƙa kaɗan, su sake hurawa, har yatsun Stanley ɗansa suka yi baƙi don sanyi. A bakin kabarin nan Mama ta miƙe gaban kowa ta ce, "Ranar walimar kafa dutsen kabarin ɗan'uwana, naman da ya harbo da hannunsa za ku ci." Ba ta ce za ku ci nama ba, Clifford. Nama ko ina akwai shi. Wannan ta ce, kuma gari duka ya ji.

In wani abu ya sami naman nan kafin Satumba, ba kai za a kalla a zauren walima ba, ita za a kalla. Ka san Mama, gara ka mare ta da a ce ta faɗi magana ba ta cika ba.

Ni ban san sola ba, ban kuma ce matar kudu ƙarya take ba. Amma matar kudu ta koma gidansu, ba ta da kawu a maƙabartarmu. Ka mayar da firizar kan wutar gari, ka yi gwajinka da rediyo ko fitilar banɗaki.

Ina jiran amsa, kuma ba barkwanci nake so ba.

Yayarka,
Verna

Stony Bend
Ƙarshen Yuni

Yaya Verna,

Ina gaisuwa. Mun ga shayi, Mama ta ce an gode, amma ba irinsa ba ne.

Kin ce ba kya son barkwanci, to ga magana. A watannin da rana ke guduwa, wa ke buƙatar firiza a garin nan? Ki rataye nama a ƙusa a bayan ɗaki, ya fi firiza daskarewa. Lokacin da muke tsoron zafi shi ne lokacin da rana ba ta barci. Dama can an halicce su don juna, mu ne ba mu lura ba.

Yanzu ga labari. Janaretan gari ya mutu makon jiya, kamar yadda na faɗa. Gari ya yi shiru, ba ka jin komai sai sauro, sai kuma firizarmu tana ta gurnaninta a sito. Yaya, da kin ga fuskokin mutane! Suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna ɗora hannu a kanta kamar masu duba mara lafiya. Baffa Angus ya zo da kifinsa a baro, ya tsaya a ƙofa yana gyaran murya. Na ce, "Baffa, na'urar da ta sha wani abu kake nema?" Ya ce, "Rufe mini baki, ɗan nema, ka buɗe mini murfi." Sai da na aro firizar makaranta na haɗa ta biyu. An gyara janareta tuni, amma ba wanda ya zo ɗaukar kayansa. Rabin naman garin nan yanzu a sitonmu yake kwana.

Abin da zai fi ba ki mamaki Mama ce. Na gaya mata sau ɗaya cewa ƙura da kashin tsuntsu ba su da kyau a kan farantan, a riƙa sharewa. Shi ke nan ta karɓi aikin. Kullum da safe tana can da tsumma mai laushi, irin wanda take goge tabaraunta da shi, tana korar tsuntsaye da tsintsiya. Jiya na ji tana ce wa Bella maƙwabciyarmu, "Ki ja jikanki daga nan, tagogin ɗana ne ke riƙe da naman gari." Sannan ta tambaye ni a asirce, "Su ba sa gajiya? Ba dare ba hutu haka?" Na ce ba sa gajiya. Ta girgiza kai, ta ce ba ta taɓa ganin abin da ba ya son inuwa ba.

Kin dai san halinta. Keken ɗinki da mayafinsa, talabijin da nasa mai aikin fure, injin kwale-kwalen Kawu har yau da bargo a kansa kamar jariri. A wajenta abin da aka bari a buɗe abin da ba a so ne.

Ta gama jeme fatar mus ɗin, ta turara ta da hayaƙi, ta fito ruwan zuma, taushi kamar ba fata ba. Na ce wa za a ba a walima? Ta ce bindiga za a bayar, kwale-kwale za a bayar, har kofin shayinsa za a bayar kamar yadda aka saba, amma fatar nan tata ce. Ita kaɗai za ta riƙe daga ɗan'uwanta, kuma a cikinta take so a naɗe ta in ranarta ta zo. Na fita na duba batura.

Ki kwantar da hankalinki. Sai na ji daga gare ki.

Ƙaninki,
Clifford

Sansanin 'yan kashe gobara
Yuli

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, a kan gwiwata nake rubutu, jirgi mai saukar ungulu na jira.

Kin ji a rediyo, dajin arewa da mu ya kama. An kwashe mu mazan gari zuwa nan tun makon jiya. Ban taɓa ganin wuta irin wannan ba, bishiya na fashewa tun kafin harshen ya kai gare ta. Yanzu aka gaya mana iska ta juya, za a kwashe Stony Bend gaba ɗaya gobe, tsofaffi su ne farko. Mama za ta sauka wajenki. Ki tarye ta a filin jirgi, kin san ba za ta tambayi kowa hanya ba.

Za su kashe janaretan gari kafin su fita. Ba ki ga amfanin haukata yanzu ba? Duk firizar da ke kan wutar gari ta mutu ke nan, namu biyu kuwa ba ruwansu. Ko da hayaƙi ya rage hasken, wanda ke ratsowa ya ishe su, na gwada kafin in taho. Wasu ma sun ƙara kawo nasu naman da suka ji labari. Sito a kulle yake, ba abin da kowa zai yi masa. A bar shi kawai yadda yake.

Ki yi mana addu'a.

Clifford

Whitehorse
Farkon Agusta

Clifford ƙanena,

Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya tsare ku a bakin wutar nan. Mama lafiya lau, tana ɗakina, ni ina kan kujera. Ta riga ta ɗinka wa na'urar ɗumama abincina mayafi.

Ban san ta inda zan fara ba. 

Tun da ta sauka, kusan mako uku ke nan, na ga hankalinta kwance fiye da na sauran tsofaffin. Su suna ta kukan gidaje, ita tana saƙa. Jiya da rana muna shan shayi na ce, "Mama, ke ba kya damuwa da naman Kawu?" Ta yi murmushi ta ce, "Wace damuwa? Ai na kintsa komai kafin in fito."

Na ce me kika kintsa?

Ta ce, "Tagogin ɗan'uwanki mana. Ranar da za mu tashi toka na zuba kamar dusar ƙanƙara, har da 'yan garwashi. Shi da ya ce ko ƙura ba sa so! Yaron nan ya tafi ya bar su tsirara a fili. Na ɗauko tamfol ɗin tantin Percy na lulluɓe su, bai kai ba, sai na ƙara da fatar. Na danne ko'ina da itace yadda muke yi wa rumbun daji. Ko allura ba za ta shiga ba."

Clifford, fatar. Fatar da ta ce a naɗe ta a ciki. Ita ta ɗauko ta shimfiɗa a kan kayanka, ita kaɗai, da wannan bayan nata, mota na jiranta a ƙofa.

Ka ga wautata, na ce mata ta kyauta. Har na ce Clifford zai ji daɗi. Sai da na tashi ina wanke kofuna maganar ta dawo mini: ko allura ba za ta shiga ba. Kofin ya suɓuce daga hannuna ya fashe. Ta leƙo ta ce lafiya? Na ce santsin sabulu ne.

Na ruga ofishin masu kula da gobarar, na roƙe su su sa wani ya leƙa gidanmu. Suka ce ba wanda zai sauka garin sai wuta ta wuce, ko da uwarsa ce a ciki. Na so in kira ka ta rediyon sansani, sai na tuna kowane ɗan Kyarkeci da ke nan tare da kai zai ji, shi ya sa na ba matuƙin jirgin kayan abinci wannan takarda.

Don Allah ka gaya mini na yi kuskure. Ka ce baturan nan suna riƙe wuta wata guda. Ka ce haske na ratsa fata. Ni na ce maka ban san sola ba, ka nuna mini jahilcina in ji daɗi.

Ban gaya mata komai ba. Tana falo yanzu tana ƙirga wa Bella mutanen da za a zaunar a sahun gaba ranar walima.

Yayarka,
Verna

Stony Bend
Tsakiyar Agusta

Yaya Verna,

Gaisuwa. Ina gida. Wuta ta tsaya a ƙetaren rafi, garin na nan, gida biyu kawai suka taɓu.

Ba ki yi kuskure ba. Baturan kwana biyu suke riƙewa, uku in an yi sa'a. Na karanta takardarki a tsaye, na zauna a ƙasa cikin toka, har Stanley ya zaci hayaƙi ne ya buge ni.

Ni da Baffa Angus muka fara shiga gari, don an ce a duba kafin a dawo da mutane. Tun daga bakin coci warin ya tare mu. Ba zan kwatanta miki ba. Wata beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan, ta yi ta kartar ƙofar sito amma ba ta samu shiga ba, ƙudaje kuwa sun samu. Na buɗe firiza ta farko na rufe. Baffa ne ya buɗe ta biyun, ya daɗe yana kallo. Kifinsa, naman Bella, na gidan su Stanley, duk ya zama ruwa. Na Kawu yana can ƙasa a cikin takardar da Mama ta naɗe shi, da sunansa da ta rubuta a jiki.

Farantan kuwa, Yaya, ko ƙwarzane babu. Na janye itatuwan, na ɗaga fatar, suna ƙyalli kamar ranar da aka kawo su. Fatar ce ta sha wuta, garwashi ya huhhuda ta wuri-wuri, gefe ɗaya ya ƙone. Rufin rumfar Bella da ke kusa da mu kuwa wuta ta cinye shi. Wato abin da ta ji tsoro gaskiya ne, kuma ta tsare su. Ban gama naɗe fatar ba na ji firizar ta tashi tana gurnani, tana sanyaya ruɓaɓɓen nama. A nan ne kuka ya zo mini.

Baffa ya kalli fatar, ya kalli ɗaurin itacen, ya ce, "Wannan aikin uwarka Effie ne. Ba mai danne kaya haka sai ita." Na ce, "Baffa, hayaƙi ne ya tare rana." Ya ce, "Ni kake gaya wa?" Na ce, "Gari nake gaya wa." Sai ya ce idonsa dama ba ya gani sosai kwanan nan. Muka haƙa rami a bayan tudu muka binne komai. Kin ji, Kyarkeci ya sake yi wa Kawu haƙa.

Mutane sun fara dawowa, kuma na faɗa musu abin da na shirya: hayaƙi ya yi yawa, sola ta gaza, laifina ne da na cika baki. Ba wanda ya zage ni a fuska. Bella dai ta ce, "Da ma na ce tagar da ba a gani ta cikinta ba taga ba ce." Yara sun raɗa mini Sarkin Rana. Majalisa ta ce maganar makaranta a ajiye ta tukuna. Wannan ya yi mini zafi, don na san abin na aiki, amma zan iya ɗauka.

Laifin ma ai nawa ne da gaske. Na ce mata ƙura na cutar da su, ban taɓa ce mata da haske suke rayuwa ba, don na zaci kowa ya sani. Uwata ce, na san ba ta barin abin da take so a buɗe.

Ki gaya mata naman ya lalace, wannan ba ya ɓoyuwa. Amma ki ce hayaƙi ne. Na ɓoye fatar a ƙarƙashin gadona. Ki rufa mini wannan asiri, Yaya, ban taɓa roƙonki abu kamarsa ba.

Ƙaninki,
Clifford

Whitehorse
Ƙarshen Agusta

Clifford,

Ina gaisuwa, ina kuma ba ka haƙuri a kan duk abin da na rubuta maka a Mayu.

Na gaya mata yadda ka ce. Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ajiye saƙarta ta ce, "Duka?" Na ce duka. Ta ce, "To me zan ce wa Angus?"  Da tsofaffin garinmu suka zo jaje suna cewa yaran yanzu da kayan Turawansu, ita ma ta ce, "Na gaya masa tun farko ban yarda da su ba." Ina tsaye da tire a hannu, kamar in nutse.

Amma akwai abin da ya faru, kuma gara ka sani. Ka san 'yan fitilun nan da maƙwabcina ya jera a bakin hanyar shiga gida, masu kunna kansu in magariba ta yi? Shekaranjiya Mama ta tambaye shi ina wayarsu. Ya yi dariya ya ce, "Kaka, ba su da waya, rana suke sha." Ya nuna mata ɗan baƙin gilashin da ke kan kowace. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo.

Jiya da safe zan tafi aiki na ga ɗankwalinta a kan ɗaya daga cikinsu, an ɗaure shi tam, an danne da dutse. Na miƙa hannu zan cire, ta ce daga taga, "Bar shi."

Da na dawo da yamma na same ta a kujera a bakin ƙofa. Muka zauna tare. Da duhu ya fara, fitilun suka kama ɗaya bayan ɗaya. Ta tashi ta kwance ɗankwalin. Fitilar da ta rufe ta yi ɗan ja-ja kamar za ta kama, ta mutu. Ta tsaya a kanta, ta ninke ɗankwalin, ta ce in ba ta takarda da biro.

Ban karanta ba. Ga ta nan a cikin tawa. Ni ban faɗa mata komai ba, Allah ne shaidata.

Yayarka,
Verna

Zuwa ga ɗana Clifford,

Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da wuta. Allah ya yi maka albarka.

Ba hayaƙi ba ne. Kada ka ƙara faɗa, kuma kada ka ƙara sa Baffanka ya makance saboda ni. Ban haife ka don yara su yi maka waƙa a kan abin da hannuna ya yi ba.

Ba za a ɗaga walima ba. Ka ɗauki bindigar Kawunka kafin a bayar da ita, ka shiga daji, mutane za su ci nama. Amma ba shi na yi alkawari ba, kuma ni zan miƙe in faɗa wa Kyarketai dalili da bakina, a gaban 'yan majalisar da suka fasa sa wa makaranta.

Ka fito da fatar daga inda ka ɓoye ta, na san ƙarƙashin gado ne. Kada ka yanke inda ya ƙone. Ka auno mini ƙafar Angus da ta Stanley da ta duk wanda ya riƙe shebur a kabarin ɗan'uwana. Takalma zan ɗinka musu da ita, abin da ya rage na mus ɗin Percy ke nan. Ba su ci shi ba, za su taka shi. Ni in ranata ta zo, bargo ya ishe ni.

Ina zuwa a jirgin Laraba. Ka bar tagoginka a buɗe. In kuma akwai wani abu a gidan nan da ba a rufewa, ka gaya mini tun yanzu.

Ka huta lafiya.

Mahaifiyarka,
Effie